Kemistiri da Farko ko Anatomi da Farko: Tsara Shekarar Farko ta Digirin Kimiyyar Motsa Jiki a Amurka

Ɗalibin da ya samu gurbin karatun kimiyyar motsa jiki a wata jami'ar Amurka yakan ci karo da abin da bai saba da shi ba tun kafin ya shiga aji. A jami'o'in Nijeriya sashe ne yake liƙa jerin kwasakwasan aji ɗaya, kodineta ya sa hannu a takardar rajista, kowa ya ɗauki abin da aka yanka masa ba tare da wani dogon tunani ba. A Amurka kuwa ana miƙa wa ɗalibi kundin manhaja, a haɗa shi da mashawarcin karatu su zauna na ɗan lokaci, sannan a bar masa zaɓin kwasakwasansa da ranakunsu da sa'o'insu. Digirin farko a mafi yawan jami'o'in ƙasar kiredit 120 ne (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas) a cikin zango 8, wato kiredit 15 a kowane zango ga wanda yake son ya gama a shekara 4. Zangon farko yakan fara a ƙarshen Agusta ya ƙare a tsakiyar Disamba, na biyu kuma ya fara a Janairu ya ƙare a farkon Mayu, kowannensu kimanin mako 15.

Wasu kwasakwasan shekarar farko ba su da gardama, domin kusan kowa zai yi su: rubutun Turanci, da lissafi, da gabatarwa ga fannin motsa jiki, da ilimin halayyar ɗan Adam, da wani ɗan ƙaramin kwas na kiredit 1 da ake koya wa sabon ɗalibi zaman jami'a. Inda hanya ta rabu biyu shi ne kwas ɗin kimiyya mai ɗakin gwaji. Hanya ta farko ita ce ɗalibi ya fara da kemistiri da bayoloji, ya ajiye anatomi da fiziyoloji, wato ilimin sassan jiki da na yadda suke aiki, sai shekara ta biyu. Hanya ta biyu ita ce ya fara da anatomi da fiziyoloji tun zangon farko, ya jinkirta kemistiri ko ya ɗauki wani mai sauƙi da aka tsara wa waɗanda ba za su zurfafa a kimiyya ba. Duka hanyoyin suna kai mutum ga digiri iri ɗaya, amma ba sa barin masa ƙofofi iri ɗaya a buɗe bayan ya gama.

Dalili kuwa shi ne digirin kimiyyar motsa jiki a Amurka yana tara mutane masu manufa daban daban a aji guda. Akwai wanda yake son ya zama mai horar da 'yan wasa kan ƙarfi da juriya, wanda takardar shaidar ƙwarewa ta CSCS, daga NSCA, ƙungiyar masu irin wannan horarwa da aka kafa a 1978, ita ce abin da yake hange. Akwai wanda yake son ya yi aiki da masu ciwon zuciya ko ciwon suga ko hawan jini, yana tsara musu motsa jiki gwargwadon halinsu, shi kuma takardun shaidar ACSM, ƙungiyar masana lafiyar wasanni da aka kafa a 1954, su ne nasa. Akwai kuma kaso mai yawa da suka ɗauki digirin a matsayin tsani zuwa karatun gashin ƙashi, wato fisiyoterafi, ko aikin likita, ko wani fannin lafiya. A Nijeriya ana shiga fisiyoterafi kai tsaye daga jarrabawar JAMB, amma a Amurka sai an gama digirin farko sannan a nemi digirin DPT, wato digirin dakta a fisiyoterafi, wanda yakan ɗauki shekara 3. Haka ma aikin kula da raunukan 'yan wasa a fili: tun daga 2022 aka daina ɗaukar sababbin ɗalibai a matakin digirin farko, aka mayar da shi matakin digiri na biyu.

Makarantun DPT suna da jerin kwasakwasan da suke buƙata kafin su duba takardar mai nema, kuma jerin ya yi kama da juna daga makaranta zuwa makaranta: zango biyu na anatomi da fiziyoloji, zango biyu na kemistiri, zango biyu na fiziks, zango ɗaya ko biyu na bayoloji, dukansu da firatikal, sai kuma ƙididdiga da ilimin halayyar ɗan Adam. Idan aka ƙirga za a ga kwas 7 ko 8 ne masu ɗakin gwaji. Wanda yake son ya wuce kai tsaye ba tare da zaman shekara guda a gida ba yana miƙa takardunsa ne ta PTCAS, tsarin bai ɗaya na neman gurbi a makarantun DPT, a tsakanin shekara ta uku da ta huɗu, saboda haka a zahiri zango 6 yake da su, ba 8 ba, don ya gama mafi yawan waɗannan kwasakwasai. Kuma tun daga shekara ta uku kwasakwasan sashensa na ainihi, irin su fiziyolojin motsa jiki da ilimin sarrafuwar gaɓoɓi da gwajin lafiyar jiki, su ma suna da nasu ɗakunan gwajin. Wannan ƙarancin lokaci shi ne babbar hujjar masu farawa da kemistiri.

Hujjarsu ta biyu tana cikin karatun kansa. Fiziyolojin motsa jiki, wanda shi ne ƙashin bayan digirin, rabinsa kemistiri ne da aka sa wa wani suna. A nan ake bayanin yadda tsoka take samun kuzari daga sinadarin ATP, da yadda ajiyar fosfokiriyatin take ɗaukar mai gudu kimanin daƙiƙa 10 kawai kafin ta ja baya, da yadda ake farfasa sukari cikin gaggawa har laktet ya taru a jini, da yadda ƙwayar halitta take ƙona mai da sukari da iskar oksijin idan aikin ya yi tsawo. A nan kuma ake bayanin dalilin da ya sa jini yake tsayawa tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin pH, da yadda bayikabonet yake tare tsamin da aiki mai tsanani yake haifarwa, da dalilin da ya sa numfashi yake ƙaruwa fiye da kima a daidai wannan gaɓa. Ɗalibin da ya yi zango biyu na cikakken kemistiri yakan ji waɗannan a matsayin ci gaban abin da ya sani, wanda bai yi ba kuwa sai dai ya haddace zanen da ke allo ya zuba a jarrabawa. Ko anatomi da fiziyoloji na ɗaya ma da babin sinadarai da ƙwayoyin halitta yake farawa, kuma bayanin yadda saƙo yake bin jijiya ya dogara ne ga shige da ficen sodiyam da fotasiyam ta fatar ƙwayar halitta. Shi ya sa wasu jami'o'in ba sa barin ɗalibi ya yi rajistar fiziyoloji sai ya ci bayoloji ko kemistiri tukuna, wanda a irin waɗannan wurare zaɓin ma bai taso ba.

Sai dai wannan hanya tana da tsada, kuma da makin jarrabawa ake biyanta. Kemistiri na shekarar farko a manyan jami'o'i aji ne na ɗaruruwan ɗalibai, cikinsu har da masu neman likitanci da injiniyanci, kuma ba a tsara shi don ya yi wa kowa sauƙi ba. Mafi yawansa lissafi ne: auna mol, daidaita haɗuwar sinadarai, dokokin iskar gas, sannan a zango na biyu a shiga logaridim wajen lissafin pH da saurin haɗuwar sinadarai. Wanda aljabararsa take da rauni zai sha wuya ko da ya fahimci bayanin malami sarai. Saboda haka ne jami'o'i da yawa suke yi wa sabon ɗalibi gwajin lissafi kafin rajista, wasunsu da manhajar ALEKS, kuma sakamakon wannan gwaji ne yake nuna ko za a bar shi ya ɗauki kemistiri a zangon farko ko sai ya ci wani kwas na lissafi. Kyakkyawan sakamakon WAEC ko NECO yana taimakawa wajen samun gurbi, amma ba ya ɗauke wa mutum wannan gwaji. Ɗalibin da ya jima da barin sakandare ya fi kyau ya zauna ya bita aljabara da tirigonometiri na wasu makonni kafin ya taɓa gwajin, domin gwajin da ake yi cikin sa'a biyu ko uku yana iya jinkirta masa jerin kwasakwasai na zango guda cif.

Akwai kuma matsalar da ba a cika faɗa ba, wato gajiyar zuciya. Yaron da ya zaɓi fannin don yana son ƙwallo ko guje-guje ko ɗaga ƙarfe yana iya share shekara guda yana auna ruwan asid a kwalba, bai ji an ambaci tsoka ko sau ɗaya ba sai a kwas ɗin gabatarwa. Wasu a nan suke sanyi, su fara tunanin ko sun shigo wurin da ba nasu ba.

Hanyar anatomi ita ce maganin wannan, domin tun makonnin farko ɗalibi yake jin ya shiga abin da ya zo nema. Kashi na ɗaya yakan ƙunshi ƙwayoyin halitta da fata da ƙasusuwa da gaɓoɓi da tsoka da jijiyoyi, kashi na biyu kuma ya ƙunshi jini da zuciya da huhu da hanji da ƙoda da sinadaran da jiki yake aika saƙo da su. Wanda ya gama su biyun a shekarar farko yana iya shiga kwasakwasan sashe a shekara ta biyu, ya san malamansa da wuri, ya samu damar taimakawa a ɗakin binciken wani farfesa ko a wurin horar da 'yan wasan jami'a tun abokansa suna fama da kemistiri. Ga wanda manufarsa horarwa ce, wannan riba ce ta gaske, domin a wannan sana'a sa'o'in da mutum ya yi a ɗakin atisaye ƙarƙashin ƙwararre, da shaidar da ƙwararren zai ba shi, suna da nauyi sosai wajen samun aikin farko.

Amma kuskure ne a ɗauka cewa anatomi sauƙi ne don babu lissafi a cikinsa. Wahalarsa yawa ce. Jikin baligi yana da ƙashi 206 da tsoka fiye da 600, kuma ba sunan ƙashi kaɗai ake tambaya ba, ana tambayar kowane tudu da rami da kafa da ke jikinsa, da sunayensu na Latin da Girkanci. A kowace tsoka ana son ɗalibi ya san inda ta faro, da inda ta maƙale, da motsin da take yi, da jijiyar da take sarrafa ta. Jarrabawar firatikal tana da nata salon: ana jera ƙasusuwa da gumakan roba da madubin ƙara girma a kan tebura, a soka allura ko a liƙa lamba a wani wuri, ɗalibai su tsaya kowa a gaban tebur guda, bayan kimanin minti ɗaya a buga ƙararrawa kowa ya matsa gaba. Babu komawa baya, kuma malamai da yawa suna rage maki idan an kuskure harafi, musamman da yake akwai sunayen da harafi ɗaya ne ya raba su alhali ɗaya ƙashi ne ɗaya hanji. Wanda ya taso da hadda yana da wani fifiko a nan, domin ya san cewa abin da ake bita kullum kaɗan kaɗan shi yake zama, ba wanda aka danna a daren jarrabawa ba. To amma haddar tana ɗaukar anatomi ne kawai. Fiziyoloji yana tambayar dalili, kamar me zai faru da bugun zuciya idan jini ya ragu, kuma a nan mai hadda zalla yakan tsaya.

Haɗarin wannan hanya ba a shekarar farko yake bayyana ba. Yakan bayyana ne a shekara ta uku, lokacin da ɗalibin da ya ce shi horarwa kawai yake so ya je asibiti koyon aiki, ya ga yadda ake tayar da wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki har ya taka da ƙafarsa, ya ji ransa ya koma ga fisiyoterafi. A lokacin sai ya tarar da zango biyu na kemistiri da zango biyu na fiziks suna jiransa, ga kuma kwasakwasan sashe masu nauyi, sai dai ya yi karatun hutun bazara da kuɗinsa ko ya ƙara shekara. Abin da ya fi ciwo shi ne idan ya riga ya ɗauki kemistirin nan mai sauƙi. A kundin manhaja sunayen biyu suna kama da juna, kiredit ɗinsu ma yakan zo ɗaya, amma makarantun DPT da na likitanci da yawa ba sa karɓar sai wanda aka tsara wa ɗaliban kimiyya. Haka yake ga taƙaitaccen anatomi na zango ɗaya da ake yi wa wasu fannoni. Ɗalibi ya biya kuɗi, ya ci jarrabawa, amma kwas ɗin bai cike masa gurbin da yake buƙata ba. Wanda ya fara da cikakken kemistiri ya sauya ra'ayi zuwa horarwa bai yi asarar komai ba, domin kiredit ɗinsa yana shiga lissafin digiri. Wanda ya bi ɗaya hanyar ya sauya ra'ayi shi ne mai biyan diyya. Wannan rashin daidaito, a ganina, shi ya kamata ya fi komai nauyi a wurin ɗalibin da bai riga ya tsayar da zuciyarsa ba, kuma kaɗan ne masu shekara 18 da suka tsayar.

Da za a tsaya a nan, sai a ce kowa ya haɗa kemistiri da bayoloji tun zangon farko, ko ma ya ƙara da anatomi don ya ci riba biyu. Lissafin sa'o'i ne yake hana hakan. Ƙa'idar da jami'o'in Amurka suke aiki da ita ita ce kowane kiredit yana nufin sa'a ɗaya a aji da aƙalla sa'a biyu na karatu a waje, a kowane mako. Kwas mai ɗakin gwaji kiredit 4 ne, amma yana cin sa'a 3 na lacca da kusan sa'a 3 na firatikal, ban da rahoton da ake rubutawa bayan kowane gwaji da ɗan tambayoyin da ake amsawa kafin a shiga. Jadawalin kiredit 15 mai ɗauke da irin waɗannan kwasakwasai biyu yana zaunar da ɗalibi kimanin sa'a 19 a aji da ɗakin gwaji, sannan yana neman wasu sa'a 30 na karatu. Idan ya haɗa da aiki a cikin harabar jami'a, wanda bizar ɗalibai ta F-1 ta yarda da shi har zuwa sa'a 20 a mako lokacin karatu, mako ya cika ya batse. Ga sabon zuwa da yake koyon jin Turancin malamai, da sanyin da bai taɓa gani ba, da dafa wa kansa abinci, ƙara kwas na uku mai ɗakin gwaji ɗaukar Dala ba gammo ne.

Ana iya ganin illar a lissafin GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi, wanda a Amurka yake kan ma'aunin 4: A maki 4, B maki 3, C maki 2. A ɗauka ɗalibi ya yi kemistiri da bayoloji tare ya samu C a kowanne, ya samu A a Turanci, B a lissafi, A a ƙaramin kwas na kiredit 1. Jimillar makinsa 41 ne a kan kiredit 15, wato 2.73. Ko da ya samu A a komai a zango na biyu mai kiredit 15, shekarar za ta ƙare masa a 3.37. Wani kuma ya ɗauki kemistiri kaɗai ya samu B, ya maye gurbin bayoloji da kwas ɗin gabatarwa na kiredit 3 ya samu A, sauran makin iri ɗaya da na farko: jimillarsa 49 a kan kiredit 14, wato 3.5. Makarantun DPT da yawa suna sanya 3.0 a matsayin mafi ƙarancin abin da za su duba, kuma waɗanda ake ɗauka a zahiri makinsu yakan wuce haka da nisa. Maimaita kwas ma ba ya goge tabon gaba ɗaya, domin ko jami'ar ɗalibi ta maye tsohon maki da sabo, tsarin PTCAS yana lissafa duka biyun.

Akwai wata dabara a yawan kiredit da ta shafi ɗan ƙasar waje musamman. Dokar bizar F-1 ta wajabta wa ɗalibin digirin farko aƙalla kiredit 12 a kowane zango, kuma kwas ɗaya ne kacal na intanet, wanda bai wuce kiredit 3 ba, ake lissafawa a cikinsu. Jami'o'i suna da wa'adin janyewa daga kwas, inda ake rubuta harafin W a takardar sakamako maimakon maki, kuma wannan ita ce mafitar wanda ya ga kemistiri yana neman kayar da shi. To, wanda ya yi rajistar kiredit 15 ya janye daga kwas mai kiredit 4 ya koma 11, ya faɗa ƙasa da ƙa'ida, kuma ba zai yi haka ba sai da izinin jami'in kula da ɗaliban ƙasashen waje, izinin da akan bayar sau ɗaya bisa dalilai ƙayyadaddu. Wanda ya yi rajistar 16 kuwa, idan ya janye daga wannan kwas zai tsaya a 12 daidai. Saboda haka jadawalin kiredit 16 mai kwas ɗin gwaji guda ɗaya, sauran kuma matsakaita, ya fi na 14 ko 15 aminci ga irin wannan ɗalibi, ko da yake a ido ya fi nauyi. Kiredit 12 cif, wanda wasu suke zaɓa don su huta, shi ne mafi haɗari, domin bai bar wurin motsi ba, kuma ba ya kai mutum ga 120 a shekara 4.

Ɗan wasan da ya zo da tallafin karatu na wasanni yana da ƙarin ƙa'idoji. A rukuni na ɗaya na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, dole ya kasance yana ɗauke da kiredit 12, ya ci kiredit 24 kafin shiga shekara ta biyu, ya kuma kammala kashi 40 cikin 100 na digirinsa kafin shiga ta uku. Atisaye yakan faɗo da rana, daidai lokacin da ake yawan sanya firatikal, tafiye-tafiyen gasa kuma suna cinye ranakun ƙarshen mako, alhali gwajin da aka rasa a ɗakin kemistiri ba kullum ake samun damar rama shi ba. Abin da ya dace da shi shi ne ya sanya kwas ɗin gwaji mafi nauyi a zangon da ba na gasarsa ba, ko da hakan ya saɓa wa jerin da ke cikin kundin manhaja.

Wajen zaɓen sa'o'i akwai abu biyu da ɗalibi Musulmi zai duba da kansa, domin mashawarci ba lallai ya tuna masa ba. Firatikal na ranar Juma'a da rana yakan haɗiye lokacin sallar Juma'a, kuma da yake kwas guda yakan samu rukunoni da yawa a ranaku daban daban, wanda ya yi rajista da wuri yana iya zaɓar na Talata ko Laraba. Sannan azumin Ramadan a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a zango na biyu, cikin Fabrairu da Maris, saboda haka kwasakwasan da ake motsa jiki a cikinsu a zahiri, kamar iyo ko ɗaga ƙarfe ko gwajin juriya, sun fi dacewa da zangon farko.

Idan aka auna duka wannan, tsarin da ya fi dacewa da wanda yake hangen fisiyoterafi ko likitanci, ko wanda bai yanke shawara ba, kuma ya ci gwajin lissafi, shi ne ya ɗauki cikakken kemistiri na ɗaya shi kaɗai a zangon farko tare da Turanci da lissafi da gabatarwa ga fannin da ilimin halayyar ɗan Adam. A zango na biyu, bayan ya ga yadda jarrabawar wurin take, ya haɗa kemistiri na biyu da bayoloji na ɗaya. Shekara ta biyu ta zama ta anatomi da fiziyoloji, tare da sauran bayoloji da ƙididdiga, fiziks kuma ya biyo baya kafin ko tare da ilimin sarrafuwar gaɓoɓi, wanda yake cike da lissafin kusurwa da ƙarfin juyi a gwiwa da kafaɗa. Bai kamata a raba kemistiri na ɗaya da na biyu da tazarar shekara ba, domin na biyun yana hawa ne kai tsaye a kan na ɗaya. Mai neman likitanci yana da ƙarin dalilin gaggawa, tunda bayan waɗannan akwai kemistirin sinadaran kabon da bayokemistiri da suke jiransa kafin MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci.

Wanda gwajin lissafi ya mayar da shi baya, ko da fisiyoterafi yake so, hanyar anatomi ko bayoloji ce tasa a zangon farko, idan jami'arsa ta yarda, yana gyara lissafinsa a gefe, sannan ya shiga kemistiri a Janairu ko a shekara ta biyu. Bai yi asarar zango ba, ya sauya jeri ne kawai, kuma anatomi yana cikin abin da makarantun DPT suke nema ko ta yaya. Wanda kuma ya tabbata cewa horarwa ce sana'arsa, musamman wanda ya riga ya yi aikin koci ko ya yi wasa a babban mataki ya san abin da yake so, shi ma anatomi ya fi masa, sai dai idan lokacin kemistiri ya zo ya ɗauki cikakken, ba taƙaitaccen ba, ko da zango ɗaya ne. Shi ma yana da abin dubawa tun kafin rajista: ƙungiyar NSCA ta sanar cewa daga 2030 masu neman takardar CSCS a Amurka sai sun fito daga shirin karatun da CASCE, hukumar tantance irin waɗannan shirye-shirye, ta amince da shi, saboda haka ya tambayi sashensa matsayinsu a kan wannan.

Ga mai niyyar komawa Nijeriya da digirin farko kaɗai, ya sani cewa kimiyyar motsa jiki ba ta ba shi lasisin aikin gashin ƙashi, domin wannan yana hannun MRTB ne, hukumar da ke kula da wannan sana'a a Nijeriya, kuma sai wanda ya karanci fisiyoterafi take yi wa rajistar wannan aiki. Fagensa shi ne ƙungiyoyin wasa da wuraren atisaye da makarantu da koyarwa a sassan da suka danganci motsa jiki da ilimin lafiya, kuma a waɗannan wurare abin da ya koya a anatomi da tsara atisaye da gwajin lafiyar jiki shi zai fi amfani da shi kullum. Irin wannan ɗalibi, idan kwas ɗin zaɓi ya rage masa a shekarar farko, ilimin abinci mai gina jiki ko taimakon gaggawa da farfaɗo da numfashi sun fi masa amfani a kan bayoloji na biyu.

Kafin ganawa da mashawarci, yana da kyau ɗalibi ya buɗe kundin manhajar jami'arsa ya nemo kwas ɗin fiziyolojin motsa jiki, ya karanta sharuɗɗan shigarsa, sannan ya bi kowane sharaɗi baya baya har ya iso kwas ɗin da ba shi da sharaɗi. Wannan shi ne abin da ya zama dole ya fara da shi. Ya duba ko wasu kwasakwasan sau ɗaya ake bayar da su a shekara, da mafi ƙarancin makin da sashe yake karɓa, wanda a wurare da yawa C ne. Idan yana hangen DPT, ya zaɓi makarantu uku ko huɗu ya kwafo jerin buƙatunsu ya ajiye kusa da jadawalinsa, ya kuma tambayi mashawarcin a fili ko lambar kemistirin da aka rubuta masa ita ce wadda ɗaliban bayoloji da masu neman likitanci suke ɗauka.